Gwaggo Halo da Wayar da Aka Rubuta wa BAKI

A shekara ta 2021 aka ƙara wa Manaja girma a wurin aikinsa, kuma a cikinta ne ya ƙudura cewa gidan da ya gada daga mahaifinsa ba zai ci gaba da kama da gidan tsofaffi ba. Aka kankare tsohon fenti aka shafa sabo, aka cire tagogin katako aka sa na gilashi, aka sare bishiyar tsakar gida saboda ganyenta yana toshe magudana. Daga ƙarshe ya kawo abin da ya fi ƙwallafa rai a kai, wato lasifika a silin ɗin kowane ɗaki, dukkansu a haɗe da na'ura guda, yadda daga wayarsa ta hannu zai iya sa kiɗa a falo, labarai a kicin, tatsuniya a ɗakin yara, ko kuma ya haɗe gidan kaf a kan abu ɗaya. Kowa a gidan ya yi murna, in ban da ƙanwar mahaifinsa, wadda unguwa ta sani da Gwaggo Halo.

Sunan ya samo asali ne daga aikinta. Tun tana budurwa ta sami aikin haɗa kira a wani babban kamfanin sufuri, a zamanin da duk kiran da zai shiga ofis sai ya bi ta hannun mutum. Ɗakin aikin ƙarami ne, ba shi da taga, yana can ƙarshen wani dogon lungu. A gabanta akwai allo cike da ramuka, kowane rami da 'yar fitila a samansa da sunan ofishi a rubuce a ƙasansa, ga igiyoyi masu kan ƙarfe suna reto, ga abin saurare a manne da kunnenta. Da fitila ta kama sai ta cusa igiya ta ce, "Halo, da wa zan haɗa ka?" Ta faɗi wannan kalma har ta zame mata jiki, ta yadda ko ƙofar ɗakinta aka ƙwanƙwasa sai ta ce halo kafin ta tuna a gida take. Aikin ya bar mata murya mai fita tar, wadda ba ta haɗiye harafi. Ya kuma bar mata wani imani da ba wanda ya isa ya raba ta da shi, cewa duk wayar da ta iya kawo murya ta iya kai murya. Ta san abin da take faɗa, domin ɗan maɓalli guda ne ya raba mai haɗa kira da sirrin kamfani duka, kuma ba kullum take barin maɓallin nan ya huta ba.

Ta yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Da matar yayanta ta rasu ta bar yaro ƙarami, wanda shi ne Manajan yau, sai ta tattaro kayanta ta dawo gidan, aka ba ta ɗakin da ke gindin matakala, mai taga da ke kallon ƙofar gida. Tun ranar rasuwar uwarsa yaron ya daina magana. An zaga da shi wurin likitoci, kowa ya duba ya ce harshe lafiya lau, kunne lafiya lau. Gwaggo ta ce a bar mata shi. Takan dawo daga aiki maƙogwaro a bushe, ta huda gwangwanaye biyu ta haɗa su da zare, ta ba shi ɗaya ya kara a kunne, ita ta koma bayan ƙofa da ɗayan tana cewa, "Halo, wa ke magana?" Ba amsa. Kashegari ta sake, jibi ma haka, har aka fara yi mata kallon wadda ta zare. Ana gab da sa shi makaranta, wata rana ta kara gwangwanin a kunnenta kamar kullum, sai ta ji wata 'yar murya ta biyo zare ta ce, "Ni ne." Daga nan ta laƙaba masa suna Shiru, kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba. Yayanta, da ya ga abin da ta yi, ya ce mata, "Ɗakin nan naki ne har ranar da za a fitar da ke a kwance." Da baki ya faɗa, su biyu kaɗai, kuma ya yi shekaru da rasuwa.

Gaskiya ɗaya ce, zama da Gwaggo Halo ba abu ne mai sauƙi ba. Da ta yi ritaya, tagarta ta zama sabon allonta: ba mai shiga ko fita sai ta san daga ina, zuwa ina, wurin wa. Matar Manaja ta haifi 'ya'ya uku a gidan, amma har yau Amarya take kiranta, da wata irin murya mai nuna cewa ba a gama yanke shawara a kanta ba. Takan yi sharhi a kan gishirin miya, da tsawon hirar dangin Amarya, da takalman abokan Manaja. Wani abokin aikinsa da ya zo da mota sabuwa, ta leƙo ta tambaye shi ko albashi ɗaya suke karɓa da Shiru. Bai sake zuwa ba.

A wurin cin abinci Manaja ya kawo maganar.

"Gwaggo, gobe mai haɗa lasifika zai fara aiki. Zai shiga ɗakinki ya ɗan huda silin, ba zai daɗe ba."

"Silin ɗin ya yi maka laifi ne?"

"Kowane ɗaki za a sa wa. Ke da kike son labarai, sai ki ji su raɗau, ba wannan shuu-shuu na rediyonki ba."

"Rediyona in ya dame ni murɗe masa wuya nake yi. Wannan naka, wa ke murɗe shi?"

"Daga wayata ake sarrafa shi."

"Ato! Kunnena a aljihunka ke nan. Kuma naka kunnen a saman gadona."

"Ba ya ji, Gwaggo. Lasifika ce, magana kawai take yi."

"Haka mu ma muka riƙa gaya wa manyan kamfani," in ji ta.

Amarya ta kusa ƙwarewa da ruwa, ta yi maza ta sunkuyar da kai. Manaja ya ajiye cokali.

"Zamani ya wuce allonku mai ramuka, Gwaggo."

"Zamani ya wuce ubanka ma, Shiru, amma a gidansa kake cin abinci."

"Na roƙe ki ki daina kirana da sunan nan a gaban yara."

"Da me zan kira ka? Manaja? Ni ba a ofishinka nake aiki ba."

Kashegari Mai Waya ya iso, magidanci ne mai haƙuri, tsani a kafaɗa, fensir a bayan kunne, farin salatif a wuyan hannu kamar munduwa. A ƙarƙashin matakala ya kafa akwatin na'urar, daga nan ya riƙa jan wayoyi ta cikin silin zuwa ɗaki-ɗaki. Yana da wata al'ada ta aiki: duk wayar da ya ja, sai ya naɗa mata salatif a bakin nan da bakin can, ya rubuta sunan ɗakin da za ta, domin in an rufe silin ba mai iya gane wace ce wace. Gwaggo ta ɗauko kujera ta zauna a kansa. Ta kushe tsaninsa, ta kushe yadda yake fere waya da haƙori, ta ce filayarsa ta girme shi. Amma da ta ga yana rubuta sunaye sai ta gyaɗa kai.

"Ko banza ka san wannan. Waya marar suna munafuka ce."

"Ai Gwaggo ashe 'yar gida ce a harkar," in ji shi, yana neman shiga.

"Kada ka yi min daɗin baki. Ɗakina ba za ka shiga ba."

A lungun da ke gaban ɗakinta ya kafa wani ɗan abin magana mai maɓalli ja. Ya nuna wa Amarya yadda yake aiki: in an danna, kiɗa ya tsaya ko'ina, muryar mai magana ta fita a kowane ɗaki, in an saki kiɗa ya ci gaba. Don kiran yara cin abinci ne, ba sai an yi ta ƙwala ihu daga ƙasa ba. Gwaggo ta ce a zamaninsu yaron da bai ji ƙamshin abinci ya sauko ba, ba yunwa yake ji ba.

Ya gama da ɗakuna duka, nata kaɗai ya rage, ita kuwa ta kasa ta tsare. Sai ranar da ta tafi asibitin ido, Manaja ya ɗauko ɗayan mabuɗin ya buɗe. Ta dawo idanu na zuba ruwa saboda maganin da aka ɗiga mata, ta tarar da farar ƙura a kan zanen gadonta, ga rami a silin kamar murfin tukunya, ga waya ta sauko daga ciki tana lilo, da ɗan farin salatif a bakinta kamar tuta. Ba a kai ga ɗaura lasifikar ba. Ta sa tabarau, ta kamo wayar ta kawo kusa da hanci. An rubuta da manyan haruffa: BAKI.

Wanda ya san ƙa'idar rubutu ya san cewa tsakanin k da ƙ akwai tafiya mai nisa, duk da cewa 'yar ƙugiya ce ta raba su. Baki shi ne wanda ake ci da shi, ake magana da shi, wanda aka ce shi ke yanka wuya. A sa wa harafin ƙugiya, ya koma baƙi, mutanen da suka zo kuma za su tafi. Mai Waya, kamar mutane da yawa a yau, bai ɗauki ƙugiya a bakin komai ba. Gwaggo kuwa ta yi shekaru tana karanta sunayen da ke ƙarƙashin ramuka, inda kuskuren harafi guda kan kai kira ofishin da ba nasa ba. Abin da aka rubuta shi ta karanta.

Ta ɓare salatif ɗin, ta manna shi a ɗan yatsa, ta fito. Manaja na tsaye a gindin matakala, Mai Waya na durƙushe a gaban akwati, Amarya ta fito daga kicin da tawul a hannu.

"Shiru! Wane ne baki a gidan nan?"

"Me kuma ya faru, Gwaggo?"

Ta kai masa yatsan har gaban ido. "Karanta. Ai ka yi makaranta. Falo an rubuta masa falo, kicin an rubuta masa kicin, yara an rubuta musu yara. Ni kuwa baki. Ba ni da suna, ba ni da matsayi, sai baki! To bakin nan da kake gani, shi ya buɗe naka. Da ban yi surutu ba, da yanzu da hannu kake yi wa ma'aikatanka bayani."

Mai Waya ya yi ƙasa da kai yana neman wani abu a cikin jakarsa. Manaja ya tsura wa salatif ɗin ido. Amarya ce ta ga abin zai yi nisa, ta matso da niyyar kashe wuta.

"Haba Gwaggo, wallahi ba zagi ba ne. Wa zai zage ki? Ba baki ba ne, baƙi ne. Ƙugiya ce kawai bai sa ba. Ɗakin baƙi yake nufi."

Garin neman gira aka rasa ido. Amarya ta ji abin da ya fito daga bakinta bayan ya riga ya fito, ta kai tawul ta rufe shi. Gwaggo ta sauke hannunta a hankali. Muryarta, da ta cika gidan ɗazu, ta yi ƙasa.

"Baƙi," in ji ta. "Su wane ne baƙin?"

Ta juya wurin Mai Waya.

"Kai, bawan Allah, wa ya ce maka ɗakin baƙi ne?"

"Ni dai, Gwaggo, abin da aka gaya min na rubuta," in ji shi. Ya ce ya bar wani abu a mota, ya fita, ya daɗe bai dawo ba.

Manaja ya gyara tsayuwa. "Da ma ina neman lokacin da zan gaya miki. Ɗakin baya na sa a gyara miki. Ya fi wannan girma, da banɗakinsa a ciki, ba hayaniyar ƙofa. Yanzu ina karɓar manyan baƙi, kuma wannan ne ɗakin da ya dace da su."

"Bayan gida za ka kai ni."

"Ɗakin baya na ce."

"Yana gaban gida ne?"

"Gwaggo, kada ki juya min magana."

"Ubanka ya ce sai a kwance za a fitar da ni daga ɗakin nan."

"Ni ban ji ba. Kuma Baba ba ya nan, gidan a hannuna yake." Sannan abin da ya daɗe yana cinsa ya fito. "Ba mai zuwa gidan nan ya tafi da mutuncinsa. Abokaina sun ƙaurace, dangin matata sai sun leƙa sun ga tagarki a rufe suke shigowa. Na gaji."

Gwaggo ta dubi salatif ɗin da ke yatsanta, ta dubi Amarya.

"Da kin bar min shi yadda na karanta, 'yar nan. Baki zagi ne, amma ɗan gida ake yi wa shi. Ke kuma kin zo da ƙugiyarki kin jawo ni waje."

Ta koma ɗaki, ta mayar da salatif ɗin a jikin wayar da hannunta.

Daga ranar gidan ya zama fagen daga. Aka ɗaura lasifikar tana zaune tana kallo. Da sassafe kiɗan motsa jiki ya riƙa ɓarkewa a saman gadonta, in ta aika a tambaya a ce kuskure ne, yatsa ne ya zame. Ita kuma ta naɗa tsohon bargo a kan sandar goge-goge ta tokare bakin lasifikar, ta ƙure rediyonta, ta ajiye shi a bakin ƙofa yana fuskantar matakala. Manaja ya sa aka kai sabon gado da fanka ɗakin baya, ya aiko Amarya ta kai ta ta gani. Ta je, ta duba banɗaki, ta leƙa tagar da ba ta kallon komai sai tankin ruwa da katanga.

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji ta. "Ya dace da baƙi."

Ta daina fita ko nan da ƙofar gida, don ta san da ta juya baya za a kwashe mata kaya. Ranar komawarta asibitin ido ta zo ta wuce. Ta daina zuwa wurin cin abinci, sai dai a kai mata. In za ta banɗaki ta kulle ɗaki, ta tura tsinke a ramin mabuɗi. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, rana na fitowa ya bushe. Ita kuwa ta ƙudura cewa ko ranar za ta faɗo ƙasa, a ɗakin nan za ta same ta.

Sai Manaja ya sa ranar liyafa, don abokan aiki su ga gyaran gida. Shugaban kamfaninsu zai zo daga nesa, kuma an shirya zai kwana. Manaja ya tsaya a bakin ƙofarta, ya faɗa ta cikin katako: in baƙi sun gama cin abinci, masu ɗaukar kaya za su zo su mayar da ita baya, ko tana so ko ba ta so, a gyara ɗakin kafin Shugaba ya buƙaci kwanciya. Ya zaɓi ranar ne da gangan, yana ganin ba za ta yi rigima a gaban mutane ba.

Ranar ta zo, gida ya cika da rana tsaka. Gwaggo na zaune a bakin gado tana jin Manaja yana zagayawa da mutane, yana nuna musu yadda kiɗa ke bin su daga ɗaki zuwa ɗaki, suna ta mamaki. Takunsu ya iso ƙofarta. Wata murya ta tambaya nan kuma ina ne.

"Ɗakin baƙi ne," in ji Manaja. "Ana kan ɗan gyara shi."

Suka wuce. Ta jira har ta ji ƙarar cokula a falo. Sannan ta tashi ta sa kayanta masu guga, irin waɗanda takan sa zuwa aiki, ta gyara ɗaurin kai, ta sa tabarau. Ta zare tsinken, ta buɗe ƙofa. Jan maɓallin yana nan a bango, taku kaɗan daga ɗakinta. Ta yi gyaran murya, ta danna. Kiɗa ya ɗauke a gidan duka.

"Halo. Halo. Ana magana daga ɗakin baƙi."

Muryar ta fita tar a falo, da kicin, da baranda, da ɗakunan sama, kowane harafi a mazauninsa.

"A gafarce ni, jama'a, na katse muku kiɗa. Wata baƙuwa ce ke neman maigida. Ta sauka a gidan nan tun yana fitsarin kwance. Ta so ta yi sallama ta koma, sai ta tarar yaron ba ya magana, ta tsaya koya masa. To, alhamdu lillahi, ya iya. Ya iya har ya ce yau za a kwashe mata kaya a kai bayan gida, kusa da tanki, don a shimfiɗa wa Shugaba a gadonta. Shugaba, sannu da zuwa. Gadon yana ɗan ƙara ta gefen hagu, sai a yi haƙuri. Baƙuwar tana tambaya ne kawai: yanzu za a kwashe, ko sai kun sha lemo?"

Nan ya kamata ta tsaya. Amma tsohon aiki ya motsa, domin mai haɗa kira ba ta ajiye layi sai ta ji an ɗauka.

"Halo, Shiru? Kana jina? Wa ke magana?"

Ta saki maɓallin, ta kara kunnenta a jikin abin maganar, tana jira. Ba abin da ya biyo waya. Can sai kiɗa ya ci gaba da kansa daga inda ya tsaya. A nan ne, kunnenta a jikin bango, ta gane cewa yaron gaskiya ya gaya mata tun farko: abin magana kawai yake kaiwa, ba ya dawo da ita.

Ba ta kai ga komawa ɗaki ba sai ga Shugaba ya fito daga falo, dattijo ne mai furfura. Ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar jiki, ya ce da ma shi ya fi sabawa da kwana a masauki, kada ta damu kanta. Ta amsa masa da ladabi, har ta tambaye shi hanya. Manaja na tsaye a bayansa, fuska ba annuri, bai dube ta ba. Baƙi suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya tun rana ba ta yi sanyi ba. Masu ɗaukar kaya sun zo, aka sallame su daga bakin ƙofa.

Ta kwana da shirin yaƙi. Ta tanadi amsar duk abin da zai faɗa, ta jera su kamar igiyoyi a gaban allo. Bai zo ba. Da hantsi Amarya ce ta ƙwanƙwasa.

"Ya ce ki yi zamanki. Ba wanda zai sake taɓa miki kaya."

"Shi ba shi da baki ne, sai ya aiko ki?"

"Haka dai ya ce in gaya miki, Gwaggo."

"Je ki ce ina kiransa."

Amarya ta tafi, ta dawo. "Ya ce ya ji."

Bayan kwana biyu Mai Waya ya dawo da tsaninsa. Ya kwance lasifikar ɗakinta, ya yanke wayarta daga jikin akwati, ya cire jan maɓallin daga lungu ya mayar da shi sama, kusa da ɗakin maigida. Da zai rufe ramin silin da ɗan katako, ya kamo guntun wayar zai tura ciki, sai ta ce ya bar ta a waje. Ya dubi salatif ɗin, ya ciro fensir daga bayan kunne.

"In gyara rubutun, Gwaggo? Ko in sa sunanki?"

"Bar shi yadda yake," in ji ta. "Haka ya fi daidai."

Ta yi zaton fushin mako guda ne, irin wanda yakan yi yana yaro. Ta tare shi a gindin matakala ta yi masa gori, ya saurara har ta gama, ya raɓa ta ya wuce. Ta gwada ta wata hanyar, ta ce masa rigarsa ta yi masa kyau, abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ya ɗan sunkuyar da kai ya wuce. Magana zarar bunu ce, kuma ita ta zare tata a gaban mutanen da yake kwana yana tashi da tunanin yadda suke kallonsa.

Yau Gwaggo Halo tana nan a ɗakin da ke gindin matakala, tagarta na kallon ƙofar gida, ko da yake idon hagu ya yi rauni, sai mutum ya matso take gane shi. Baƙi in sun zo a ɗakin baya suke kwana. Abinci da magani ba sa yanke mata, Amarya ce ke kawowa, ita ce kuma ke kai saƙo ta dawo da amsa. Guntun wayar yana nan yana reto daga silin da salatif ɗinsa, ya yi ja saboda tsufa, rubutun ba ƙugiya. In Manaja ya danna maɓalli yana kiran yara, muryarsa na fita a kowane ɗaki ban da nata, ita kuma takan bar ƙofa a buɗe kaɗan, ta ce don iska ne. Ɗakin yana hannunta, kuma tun ranar liyafar Manaja bai sake yi mata magana ba.